Ranar da Dutse Ya Maimaita Sunan Uwar Mijina

Shekarun baya, tun hanyar gandun dajin nan na kudu da Yamai tana da lafiya, mutane suna zuwa kallon giwaye da kwazazzabon Tapoa hankalinsu kwance, Allah Ya ƙaddara ni ma na taka wurin. Ni da aka haifa a Hamdara, aka kawo ni aure unguwar Zango a Damagaram, ko duwatsun Birni da ke nan kusa da mu ban taɓa hawa ba. Shekaranjiya na ga wata 'yar uwa ta sa hoton wurin a nan, sai abin ya dawo mini sabo, na ce bari in ba ku labarin.

Da farko sai kun san ko ni wace ce. Ni mace ce mai fargaba a kan yara. Yaro ya yi tari sau biyu, na riga na yafa mayafi ina neman kabu-kabu zuwa likita. Rijiya, murhu, randa, bakin titi, duk na san tazarar da ke tsakaninsu da kowane yaro a gidanmu. Maigidana jandarma yake ce mini. Ba na musu, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, a aji uku na tsaya, amma idona ba ya wuce abu bai gan shi ba.

'Yata ta fari a lokacin tana wajen shekara bakwai. Kun san yadda muke da ɗan fari. Mahaifiyata har yau ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, "wancan" take ce masa, ga shi har furfura ta fara fito masa. To ni tawa kunyar biyu ce ta haɗu, don ranar suna maigidana ya sa wa yarinyar sunan mahaifiyarsa, Hajiya, wadda muke gida ɗaya da ita. Ga 'yar fari, ga sunan uwar miji. Mutanen gida suka yi mata laƙabi suna ce mata Mama, ita kuma Hajiya takwara take ce mata. Ni ko laƙabin ban iya ba. "Ke" kawai nake cewa. Da aka yaye ta Hajiya ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, can take kwana, can take cin abinci. Ta tashi tana jin 'ya'yan dangin maigidana suna ce mini Tanti, ita ma ta kama ce mini Tanti.

Kada ku ce ban damu da ita ba. Daga ƙofar ɗakina nake ganin komai. In ba ta cinye tuwonta ba na sani, in ta dawo tana ɗingishi na san wace ƙafa ce. Sai dai in tura wani ya duba, ko in ajiye abu inda za ta gani, kamar ba ni na ajiye ba. Sunanta na yanka kuwa wuri ɗaya ake kiransa, lakwal. Wata rana na bi ta bakin lakwal ɗinsu zan je awo, na ji madam ɗinsu, wato malamarsu, ta kira sunan daga ƙofar aji. Yarinyar tana cikin gudu da ƙawayenta, ta tsaya cak kamar an dasa ta. Na yi dariya ni kaɗai na wuce.

Yadda tafiyar ta zo shi ne, ƙanin maigidana ma'aikacin gandun daji ne, a can aka kai shi aiki, iyalinsa kuma suna Yamai. Matarsa ta haihu daidai da hutun lakwal, aka ce mu je suna. Hajiya, maigidana, yarinyar, da ni da goyon ɗana na biyu, wanda bai kai shekara ba. Ana gobe za mu tafi Hajiya ta je kasuwar Dole ta sayo wa takwararta takalmin roba mai ƙyalli, ja, da 'yar fulawa a sama. Na ɗauka na juya shi, na ga tafinsa sumul kamar bayan faranti. Na so in yi magana. Amma Hajiya ce ta saya, yarinya kuma har rawa take yi da shi a tsakar gida. Na ajiye shi, sai dai idona bai bar takalmin nan ba.

Da asuba muka shiga kar, babbar motar fasinja. Wanda ya taɓa yin hanyar Damagaram zuwa Yamai ya san wuni ne cur. Tasawa, Maradi, Konni, Dogon Dutsi, Dosso, kowane gari na bar masa "ke" ɗina. Ke, mayar da hannunki ciki. Ke, kada ki sha ruwan nan. Ke, dawo nan kar za ta tashi. Wata tsohuwa da ke kujerar bayanmu ta gaji, ta leƙo ta tambayi Hajiya ko yarinyar ba ta da suna ne. Hajiya ta ce tana da shi, mai tsada ne, shi ya sa ba a kashe shi a hanya. Duk aka yi dariya, ni na rufe fuska da mayafi.

An yi suna lafiya. Washegari ƙanin maigidana ya ce ba zai yiwu mu zo tun daga Damagaram mu koma ba mu ga inda yake aiki ba. Ya ce akwai giwa, akwai ɓauna, akwai wani rami a cikin dutse wanda in ba ka gani da idonka ba, ba za ka yarda ba. Ni da na ji an ce rami, na ce a sauka lafiya, zan zauna in taya mai jego aiki. Sai Hajiya ta ce ita za ta je, kuma ƙafarta ƙafar takwara. Nan take na tashi na fara haɗa kayan goyo. Maigidana ya ce ai yanzu na ce ba ni zuwa. Na ce na canza shawara, ina son ganin giwa. Ya dube ni ya ce, "Giwa mai jan takalmi ko?"

Kat-kat biyu muka yi, motocin shiga daji, mu da 'yan uwan mai jego da yaransu, yara sun kai shida ko bakwai. Muka bi ta Say, daga nan kwalta ta ƙare, aka shiga jar hanya. A ƙofar gandun ƙanin maigidana ya tara mu ya faɗi dokoki. Ba a sauka daga mota sai an ce a sauka. Ba a ba dabba abinci. Sannan babbar doka, ba a ɗaga murya, don hayaniya tana korar namun daji, wani lokaci kuma tana fusata su. Da ya zo kan wannan sai ya dube ni yana murmushi, ya ce wannan dokar ba ta shafi matar yaya ba, tunda shi bai taɓa jin muryata ta wuce bakin ƙofa ba.

Gaskiya wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Mun ga gwanki, mun ga gadu yana gudu da wutsiyarsa a miƙe, mun ga garken ɓauna sun tsaya suna kallonmu kamar mu ne abin kallon. Kukoki manya-manya, waɗansu an ɓare musu jiki, aka ce aikin giwa ne. Giwayen kansu daga nesa muka hango su, uwa da ɗanta a gindinta. Na lura duk inda ɗan ya nufa, hancin uwar yana bayansa. Na ce a raina, to ashe ba ni kaɗai ba ce jandarma.

Wajen azahar muka isa kwazazzabon. Mu mutanen Damagaram ba baƙin dutse ba ne, amma namu duwatsun sama suke tashi, ka gan su tun daga nesa ka san da su. Wannan ƙasa ya nutse. Kana tafiya a kan shimfiɗaɗɗen dutse kamar daɓe, ga ciyawa, ga 'yan itatuwa, ba ka ankara ba sai ka ga ƙasa ta tsage gida biyu. Bango ja a nan, bango ja a can, a tsakiya can ƙasa ruwa kwance kore shar, itatuwan da ke bakinsa sun koma kamar kayan wasan yara. Hajiya ta leƙa daga nesa ta yi salati, ta ce ruwa haka a kwance ba mai ɗiba, mu kuwa muna can muna layi da bido, jarkokin ruwa, a bakin famfo. Ta ce da za a ba ta aron ramin nan ta kai Zango, da ta huta da 'yan ga-ruwa.

Kowa yana kallon ƙasa, ni ina kallon baki. Na ga ta hannun dama dutsen a miƙe yake har ƙarshe, mutum zai iya tsayawa ya leƙa. Ta hannun hagu kuwa ya ɗan karkata zuwa ramin, ga tsakuwa ƙanana a warwatse a kansa, ga busasshiyar ciyawa ta rufe bakin, ba ka sanin inda dutse ya ƙare. Na gaya wa maigidana. Ya ce ya gani, ba wanda zai je can. Na ce wa yaran kada kowa ya bi ta hagu. Suka ce to, irin "to" ɗin yara.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar wata bishiya nesa da bakin, aka yi salla, aka fito da guzuri. Mun taho da kilishi da alkakinmu na gida. Ƙamshin ne ina ji ya jawo gwaggon birai, suka fito daga cikin ramin suka zazzauna a kan duwatsu suna kallon bakinmu. Akwai wata a cikinsu da ɗanta a maƙale a bayanta. Na ji yarinyar tana ce wa Hajiya, "Inna, dubi, ita ma goyo gare ta, kuma ba ta da majanyi."

Bayan an ci, ƙanin maigidana ya ce akwai kada yana shan rana a kan wani dutse a ƙasa, sai an zaga ta dama ake ganinsa. Maza da manyan matan suka bi shi. Aka bar yara suna wasa a fili kusa da mu. Ɗana ya tashi da kuka, na kwance shi na sa shi a nono. Daga ni sai Hajiya a kan tabarma, tana jan carbi tana gyangyaɗi.

Ina shayarwa ina ƙirga kawuna, aikina ke nan. Na ƙirga na ga babu ɗaya. Na ɗaga ido sai na hango jan takalmi. Biran sun gaji da jira sun juya za su koma cikin ramin, ta hagu, yarinyar kuma tana bin mai goyon a hankali, ta ɗan sunkuya, tana son ta ga yadda za ta sauka da ɗanta. Ta riga ta hau karkataccen dutsen.

Na ce, "Ke." Ba ta juyo ba. Na ƙara ɗaga murya, "Ke, yarinya, dawo." Yara uku na cikin masu wasa suka juyo suna tambayata ko da su nake. Ita kuwa ko gezau. Ban ga laifinta ba. Tun daga Damagaram take jin "ke", ta ji shi a kan ruwan sha, ta ji shi a kan taga, ya riga ya zama mata kamar kukan kaza a tsakar gida. Na yunƙura zan tashi, ga yaro a nono, ga zani ya kwance, kuma na san ko na jefar da komai na ruga, kafin in kai ta kai. In ma ta ji gudu a bayanta, tsorata za ta yi ta zabura gaba. Na ga ƙafarta ta dama ta taka tsakuwa ta ɗan ja, ta gyara, ta sake ɗaga ta hagu. Tsakaninta da ciyawar nan bai fi tsawon tabarma ba.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Madam ɗin lakwal ce ta faɗo mini a rai. Na buɗe baki na kira sunan, na yanka, cikakke, da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.

Ta tsaya cak. Ƙafar da ta ɗaga ma ba ta sauke ta daidai ba.

Sai dutse ya karɓa. Bangon can ya dawo mini da sunan, na nan ya mayar masa, ya sake dawowa a hankali, yana tafiya yana raguwa har cikin ramin. Sunan uwar mijina, da muryata, yana yawo a dajin Allah, birai suna watsewa, tsuntsaye suna tashi.

Yarinyar ta juyo tana kallona, ido waje. Na sassauta murya na ce ta zauna a inda take, kada ta taka ko'ina. Ta zauna. Garin zaman takalmin dama ya suɓuce daga ƙafarta, ya bi gangaren nan a hankali yana jan tsakuwa, ya shige cikin ciyawa, ba mu sake ganinsa ba. Ashe ciyawar a kan iska take. Ƙanin maigidana ne ya fara isowa a guje. Ya cire nasa takalmin, ya taka a hankali, ya ɗauko ta ya kawo ta kan tabarma.

Aka taru a kanmu. Maigidana ya duba ta sama da ƙasa, ya ga ko ƙwarzane babu. Aka tabbatar lafiya take. A nan ne kowa ya tuna abin da ya ji. Matan Yamai suna satar kallon Hajiya, maigidana ya sunkuyar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa na ja mayafi na rufe har hancina, ina jin da ramin nan zai matso kusa da na shige.

Hajiya ta gama jan carbinta, ta shafa, ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Na'am."

Ba wanda ya motsa.

Ta ce, "Ga ni nan kusa da ke, 'yar nan. Ba sai kin tara mini birai ba."

Ƙanin maigidana ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Ya ce shekararsa nawa a wurin nan bai taɓa jin wanda ya karya dokar shiru irin ta matar yaya ba, gobe in giwaye suka ƙaura Benin ya san wanda zai kama. Na fara ba Hajiya haƙuri ta cikin mayafi. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta jawo takwararta jikinta, ta cire ɗaya takalmin da ya rage, ta juya tafinsa ta shafa da yatsa, ta daɗe tana kallonsa. Abin da ta ce kawai shi ne, sunan nata ne, kuma tunda aka raɗa mata shi bai taɓa yi mata aiki irin na yau ba.

A hanyar komawa yarinyar ba ta zauna wurin Hajiya ba. Ta zo ta matse a gefena, ƙafa ba takalmi, tana wasa da yatsun ƙaninta. Sai da muka kusa Say ta ɗago ta matso da bakinta kusa da kunnena.

Ta ce, "Tanti, ashe kin san sunana?"

Jama'a, ramin nan bai tsorata ni kamar tambayar nan ba. Shekara bakwai ina bin yarinyar nan da ido, na san tabon da ke bayan kunnenta, na san ba ta son kuɓewa, na san in za ta yi ƙarya sai ta taɓa hanci. Ita kuma duk tsawon lokacin nan tana zaton ko sunanta ban riƙe ba. Na ce mata na sani. Na ce tun ba ta san kanta ba na san shi, kuma ba ranar da ba na faɗarsa a cikina. Ta ce to me ya sa ba na faɗa a waje. Na ce don sunan Innarta ne, kuma ita ce 'yata ta fari. Sai ta ce to ai dutse ma ya faɗa, ba a yi masa komai ba.

Mun dawo Zango lafiya. Labari ya riga mu isowa, har yau in na yi wa wani yaro tsawa a gidan, sai maigidana ya ce a yi hankali, mai tayar da birai ta fara. Ba ya ƙara ce mini na cika tsoro dai. In na ce wuri kaza bai yi mini ba, tashi yake ya duba.

Mutane sukan tambaye ni ko na ji na yi rashin kunya. Ban ji ba. Kunyar ɗan fari tarbiyyarmu ce, da ita aka rene ni, ban kuma yar da ita ba. Har gobe ba na kiran sunan nan a gaban Hajiya, ko a gaban mutane. Amma na gane kunyar don girmama manya aka yi ta, ba don yaro ya tashi yana shakkar uwarsa ba. Mu manya mun san abin da shirun yake nufi. Yaro bai sani ba, sai an gaya masa. Kuma in yau aka mayar da ni kan tabarmar nan, zan sake kira, da ƙarfin da ya fi na farko.

Bayan dawowarmu da 'yan kwanaki, ina tsakar gida ina tankaɗe, Hajiya ta turo mini yarinyar da mataji da man kitso. Ta ce yatsunta sun fara ciwo, daga yau ni zan riƙa yi wa takwara kitso. Ta juya za ta koma ɗaki, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Kunnen nan nawa ma ya yi nauyi kwanan nan. In na shiga ɗaki ba komai nake ji ba." Matar da take jin faɗuwar allura daga zaure.

Yanzu yarinyar ta zama budurwa, ta kusa fi ni tsawo, tana kolej. Har yanzu Tanti take ce mini, har yanzu a gaban mutane "ke" ce. Amma duk ranar kitso, in ta zauna a tsakanin ƙafafuna, Hajiya ta shige ɗaki ta saki labule, nakan sunkuya kamar zan gyara tsaga, in faɗi sunan a hankali, daidai kunnenta. Ba don ina son ta yi mini wani abu ba. Ita ma ta sani. Ba ta juyowa, sai dai in ji ta ce, "Na'am."